Kalmar "Orbit" ta Turanci: Ma'anoninta da Matsalar Fassara Ta zuwa Hausa a Makarantun Ƙasar Dutse

1.0 Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa tsayawa gaban aji a wata makarantar firamare ko ƙaramar sakandare ta ƙasar Dutse ya san cewa littafin da ke hannunsa da Turanci aka rubuta shi, amma rabin darasin, ko ma fiye, da Hausa yake gudana. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a koyar da yaro da harshen uwa a shekarun farko na firamare, kuma tun daga lokacin an sha sauya matsayi a kan wannan batu. To amma ko wane matsayi hukuma ta ɗauka, malami ba ya rabuwa da aikin tafinta, domin da zarar ya ga yara sun yi zuru, tilas ya koma harshen da suke ji. Saboda haka kyawun darasin kimiyya ko na labarin ƙasa a nan wajenmu ya rataya ne a kan kyawun fassarar da malami yake yi nan take, yana tsaye, ba ƙamus a gabansa.

A wani zagaye na duba ɗalibanmu masu gwajin koyarwa, a wata makaranta da ke tsakanin Dutse da Kiyawa, mun saurari wani ɗalibi yana bayyana wa aji jumlar nan ta littafi, "the earth orbits the sun". Ya ce musu ma'anarta ita ce duniya tana juyawa. Da ya zo ƙarshen darasi sai ya tambaye su tsawon lokacin da wannan aiki yake ɗauka, yara suka amsa baki ɗaya cewa kwana ɗaya ne. Ya ce sun kuskure, shekara ɗaya ce. A haƙiƙa yaran ba su kuskure ba, sun amsa Hausar da suka ji ne daidai, gama juyawar duniya kwana ɗaya take ɗauka. Kuskuren ya shigo tun daga kalmar da aka zaɓa.

Wannan ne ya jawo hankalinmu ga kalmar "orbit". A cikin wannan takarda za mu bi asalinta, sa'an nan mu rarrabe ma'anoninta fanni fanni, mu duba abin da Hausa take da shi na kowace ma'ana. Abin da muke son tabbatarwa shi ne, babu kalmar Hausa guda ɗaya tak da za ta ɗauki dukan nauyin wannan kalma, kuma babu bukatar a nemo ta. Aikin mai fassara shi ne ya fara gane wace ma'ana ce a gabansa kafin ya buɗe baki.

2.0 Asalin Kalmar

Turanci ya aro kalmar ne daga Latin, inda "orbita" take nufin sawun da ƙafar keken doki take bari a kan hanya. Ita kuwa ta samo tushe daga "orbis", watau da'ira ko kowane abu mai siffar zobe. Wanda ya taɓa bin hanyar ƙauye mai zuwa kasuwar Shuwarin da damina ya ga abin da ake nufi: sawun amalanken shanu guda biyu a jere, waɗanda yawan bi ya zurfafa su har in wata amalanke ta shiga ba ta iya fita sai da ƙyar. Tun daga tushe ke nan kalmar tana ɗauke da ma'anoni biyu a cure. Akwai ma'anar abu mai kewaye, akwai kuma ma'anar tafarkin da ake bi a kai a kai ba a kauce masa.

Abin lura shi ne, ma'anar da muka fi sani yau ba ita ce ta fara shiga Turanci ba. Masana tarihin kalmomi sun nuna cewa a wajejen ƙarshen ƙarni na 14 kalmar tana nufin ramin ƙashin da ƙwayar ido take zaune a ciki, ta hanyar littattafan likitanci ne kuma ta shigo. Sai a ƙarni na 17 ta kafu da ma'anar tafarkin taurari. Amfani da ita a matsayin aikatau kuwa sabon abu ne na ƙarni na 20, bai kuma yaɗu sosai ba sai da aka fara harba taurarin ɗan'adam. Wannan tarihi yana koya mana cewa faɗaɗa ma'ana sannu a hankali take faruwa, kuma kowane fanni yana jan kalmar zuwa ga bukatarsa. Ba daidai ba ne a zaci Hausa za ta bi wannan hanya sawu da sawu, domin ita ma tana da nata tarihin.

3.0 Ma'anonin Kalmar

3.1 A Ilmin Taurari

A wannan fanni kalmar tana nufin tafarkin da wani jiki yake bi a sararin samaniya yana kewaya wani jikin da ya fi shi nauyi, kamar yadda wata yake kewaya duniya, duniya kuma take kewaya rana. Hausa ba ta rasa kalma a nan ba, domin tun da daɗewa ta aro "falaki" daga Larabci, kuma almajiran ilmi sun san ta, gama ta zo a Alƙur'ani a wurare biyu, a Suratul Anbiya da Suratu Yasin. Ilmin falaki da hisabi tsohon fanni ne a zaurukan malaman ƙasar Hausa. Muhammadu al-Kashinawi, mutumin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kan hisabi da taurari, Mervyn Hiskett kuma ya buga nazari a 1967 a kan yadda lissafin taurari na Larabawa ya shiga waƙoƙin Hausa. Har yau akwai dattawan manoma da ke lura da fitowar Kaza da 'Ya'yanta a lissafin shekararsu.

Sai dai akwai wani abu da ya kamata malami ya kiyaye. A tsohon tsarin da malaman falaki suka gada daga Yunanawa, duniya ce a tsakiya, falaki kuwa wani rufi ne mai kama da ƙwarya a kife, wanda yake ɗauke da tauraronsa yana juyawa da shi. An ƙidaya bakwai irinsa, na Wata, Uɗaridu, Zuhura, Rana, Mirriku, Mushtari da Zuhalu. A tsarin da ake koyarwa yau, wanda Copernicus ya buga a 1543, rana ce a tsakiya, falaki kuma ba wani abu ne mai jiki ba, tafarki ne kawai wanda ake lissafawa. Don haka in malami ya ce falaki, wajibi ne ya bayyana wa yara cewa hanya ake nufi, kamar hanyar da tsuntsu ya bi a sama, wadda ba ta da kwalta ba ta da sawu.

Abu na biyu shi ne siffar tafarkin. A 1609 Kepler ya nuna cewa falakin taurarin da ke kewaya rana ba cikakkiyar da'ira ba ne, ya ɗan miƙe ta gefe biyu. Mun saba cewa siffar ƙwai, ko da yake ƙwai yana da gefe ɗaya mai tsini, falaki kuwa gefensa biyu daidai suke. Hanya mafi sauƙi ta nuna wannan ita ce a fita da yara filin makaranta. A kafa turke ɗaya, a ɗaura igiya, a ja ta da tsinke a kewaya, sai a sami da'ira. Sa'an nan a kafa turaku biyu nesa kaɗan da juna, a ɗaura bakin igiya ɗaya a kowane turke ta yi sako-sako, a sa tsinke a ja ta ta yi tauri a kewaya. Zanen da ya fito a kan yashi shi ne siffar falaki, rana kuma tana zaune ne a gurbin ɗaya daga turakun nan biyu.

Abu na uku shi ne dalilin da ya sa jikin ba ya kaucewa. Newton ya bayyana a 1687 cewa kowane jiki yana jan ɗan'uwansa gwargwadon nauyinsu da kusancinsu. Yaron da ya taɓa korar tsuntsaye a gonar gero da majajjawa ya riga ya san rabin bayanin. Muddin igiya tana hannunsa, dutse yana kewaya shi, da zarar ya saki sai dutsen ya miƙe ya tafi. Ƙarfin jan da rana take yi wa duniya shi ne makwafin igiyar, gudun duniya kuwa, wanda ya kai kimanin kilomita 30 a kowace daƙiƙa, shi ne yake hana ta faɗawa cikin rana. Muna ganin ya fi kyau a kira wannan ƙarfi "ƙarfin jan juna" maimakon "maganaɗisu" da ake yawan ji, domin maganaɗisu ƙarfe yake ja, wannan kuwa ba ya barin dutse ko ruwa ko mutum.

3.2 Kewayawa da Juyawa

A nan ne matsalar da muka buɗe takarda da ita take. Duniya tana yin motsi iri biyu a lokaci guda. Tana juyawa a kan kanta kamar katantanwar da yara suke murzawa a ƙasa, kuma wannan shi ne yake kawo dare da rana cikin awa 24. Tana kuma kewaya rana a cikin falakinta, wanda yake ɗaukar kwana 365 da rubu'in kwana, shi ya sa ake ƙara kwana ɗaya a watan Fabrairu bayan kowace shekara huɗu. Turanci ya keɓe "orbit" ga motsi na biyu kaɗai. A maganar yau da kullum Bahaushe yakan musanya "juya", "zagaya" da "kewaya" ba tare da wata illa ba, amma a cikin aji tilas a raba musu aiki. Juyawa ba ta bukatar abu na biyu, kewayawa kuwa dole sai da abin da ake kewayawa. Mazari yana juyawa, mota tana kewaya shataletale.

In wannan bambanci ya zauna, sai malami ya sami damar gyara wani kuskuren da ya fi yaɗuwa. Yawancin ɗalibanmu suna zato cewa zafin bazara yana zuwa ne saboda duniya ta matso kusa da rana, sanyin hunturu kuma saboda ta yi nisa. Lissafi ya nuna akasin haka. A farkon Janairu, lokacin da mutanen Dutse suke jin ɗumin wuta da asuba, duniya take fi kusa da rana, kimanin kilomita miliyan 147. A farkon Yuli kuwa take fi nisa, kimanin kilomita miliyan 152. Abin da yake kawo sauyin yanayi shi ne karkatar da duniya ta yi da kimanin digiri 23 da rabi yayin da take tafiya a falakinta. Dutse tana tsakanin digiri 11 da 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka rana tana tsayawa daidai bisa kanmu sau biyu a shekara, wajejen ƙarshen Afrilu da wajejen ƙarshen Agusta. Na farkon yana zuwa ne ƙasa a bushe, sama ba gajimare, shi ne tsananin bazara. Na biyun yana faɗowa tsakiyar damina, gajimare da ruwa suna rage kaifinsa.

Haka kuma bambancin zai taimaka wajen bayyana lissafin wata. Wata yana gama kewaya duniya cikin kimanin kwana 27 da sulusi, amma daga tsayuwar jinjiri zuwa tsayuwar wani kimanin kwana 29 da rabi ne. Dalili kuwa shi ne, kafin wata ya gama nasa kewayen, duniya ta riga ta yi gaba a nata falakin, sai ya ƙara tafiyar kwana biyu da wani abu kafin ya sake shiga tsakaninta da rana. Wannan rabin kwana da ya hau kan 29 shi ne ya sa wata yake yin kwana 29 wani lokaci, 30 wani lokaci, shekarar Hijira kuma take yin kwana 354 ko 355, ta gaza shekarar rana da kimanin kwana 11. Shi ya sa azumi yake ratsa bazara, hunturu, kaka da damina a tsawon rayuwar mutum.

3.3 A Fannin Taurarin Ɗan'adam

Tun daga ranar 4 ga Oktoba, 1957, da Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, kalmar ta fita daga littattafan masana ta shiga labaran rediyo. Ranar 12 ga Afrilu, 1961, Yuri Gagarin ya kewaya duniya sau ɗaya a tafiyar da ta ɗauki minti 108. Nijeriya ta harba tauraronta na farko, NigeriaSat-1, daga Rasha a watan Satumba na 2003, sa'an nan NigComSat-1R daga ƙasar Sin a watan Disamba na 2011. A nan ma "falaki" ta wadatar, kuma masu fassara labarai sun riga sun saba da ita. Inda Turanci ya ce an sa tauraro "into orbit", sai mu ce an ɗora shi a kan falakinsa, ko ya shiga falakinsa.

Abin da ake bukatar a ƙara shi ne falakan nan hawa hawa suke, kuma gwargwadon nisan falaki daga ƙasa, gwargwadon daɗewar kewayen. Tashar binciken sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana tafe ne a nisan kilomita 400 ko kusa da haka, tana gama kewaye cikin kimanin minti 90, watau kusan sau 16 a kwana ɗaya. Wata, wanda yake nisan kimanin kilomita 384,000, sai ya yi kusan mako huɗu. A tsakanin waɗannan akwai wani falaki a nisan kilomita 35,786 bisa layin tsakiyar duniya, inda kewaye ɗaya yake ɗaukar daidai lokacin da duniya take juyawa sau ɗaya. Tauraron da ke can yana gudu, amma ga mai kallo daga ƙasa kamar a tsaye yake. A irin wannan falaki aka ɗora NigComSat-1R. Wannan ne dalilin da ya sa farantan kama tashoshin talbijin da ke kan rufin gidajen Dutse, in an saita su sau ɗaya, ba a sake motsa su. Muna ba da shawara a kira shi "falakin da ya dace da juyawar duniya". Ga misali ke nan inda rarrabe juyawa da kewayawa ya zama tilas, domin in ba a raba su ba bayanin kansa ba zai faɗu ba.

3.4 A Ilmin Jikin Ɗan'adam

Ɗalibin da ya koyi falaki a ajin labarin ƙasa, in ya shiga makarantar koyon aikin jinya ko ta kiwon lafiya, zai sake karo da "orbit" da wata ma'ana dabam sarai. A can tana nufin ramin ƙashi da ke cikin ƙoƙon kai, wanda ƙasusuwa bakwai suka haɗu suka gina, mai faɗi ta gaba da tsukewa ta baya kamar mazurari. A cikinsa akwai ƙwayar ido, da tsokoki shida masu motsa ta, da kitsen da ya yi mata matashi, da inda hawaye yake fitowa, ta can ƙarshensa kuma akwai kafar da jijiyar gani take bi zuwa ƙwaƙwalwa. Babu abin da yake kewaya wani abu a nan. Ma'anar zobe ce ta tushen kalmar ta rage, saboda siffar bakin ramin.

Hausa tana da "gurbin ido" da kuma "kwarmin ido", ba ta bukatar aro. Muhimmancin wannan yana fitowa ne a bakin gadon majiyyaci. A ɗauka an kawo saurayi asibiti bayan ya faɗi a kan babur, likita ya rubuta cewa ƙashin wannan rami ya tsage. In ma'aikacin da ke yi wa iyaye bayani ya ce ido ya fashe, ya jefa su cikin tashin hankalin da babu dalilinsa, gama sau da yawa ƙashin yakan tsage ƙwayar idon tana nan lafiya. In kuwa cuta ce ta kama naman da ke cikin gurbin, ya ce musu ciwon ido ne kawai, za su iya ɗaukarsa da sauƙi su koma gida da maganin ɗigawa, alhali irin wannan kumburi yana iya taɓa jijiyar gani, yana bukatar magani da gaggawa. Karin maganar nan ta gurbin ido ba ido ba ne, a wannan wuri gaskiya ce ta likitanci kai tsaye.

3.5 A Kimiyyar Ƙwayar Zarra

A 1913 Niels Bohr ya kwatanta ƙwayar zarra da rana da taurarinta, inda ya ce ilektaron suna kewaya cibiya a kan ƙayyadaddun tafarkuna, ya kuma kira su da wannan kalma. Wannan hoto ne ake zanawa a allo har yau. Amma binciken da ya biyo baya a shekarun 1920 ya nuna ba za a iya shata wa ilektaron takamaiman tafarki ba, iyaka dai a faɗi yankin da aka fi tsammanin samunsa. Aka ƙirƙiro kalmar "orbital" don wannan yanki. In muka fassara kalmomin biyu da "falaki", mun shafe bambancin da masana suka yi wahalar kafawa. Muna ganin a bar "falakin ilektaron" ga tsarin Bohr, a matsayin kwatanci na masu fara koyo, na biyun kuwa a ce "mazaunin ilektaron", domin mazauni yana nuna inda ake samun abu ba tare da ya nuna hanyar da yake bi ba.

3.6 A Tarihi da Siyasa

Marubutan Turanci sun ɗauki hoton ƙaramin jiki mai kewaya babba suka siffanta dangantakar ƙasashe da mutane da shi. A zamanin yaƙin cacar baka akan ce ƙasashen gabashin Turai, waɗanda suka shiga ƙawancen Warsaw a 1955, suna cikin "orbit" na Tarayyar Sobiyet. Kowace tana da tuta da gwamnati, amma ba ta iya kauce wa abin da Mosko take so. In aka fassara wannan da cewa suna cikin falakin Rasha, Bahaushe zai ji baƙon abu. Yana da nasa zantukan: suna bin ta, suna ƙarƙashin inuwarta, sai abin da ta ce, ko kuma in da zambo a ciki, 'yan amshin shatarta ne.

Tarihin wannan jiha tamu ya ishe mu misali, kuma yana nuna cewa zaɓen kalma yana iya gyara tarihi ko ya ɓata shi. A ƙarni na 19 Gumel tana bin Barno, tana kai mata gaisuwa, alhali tana da sarkinta da ke mulkin ƙasarsa. Haɗeja tana bin Sakkwato, har zuwa tsakiyar ƙarnin da Sarki Buhari ya yi tawaye ya daina bi. Waɗannan su ne dangantakar da kalmar Turancin take nufi. Dutse kuwa al'amarinta dabam ne, domin tana cikin masarautar Kano ne kai tsaye. An ɗaga ta ta zama masarauta a 1981 zamanin Gwamna Abubakar Rimi, aka soke a 1983, sa'an nan ta tabbata bayan ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991. Don haka ga Dutse ta kafin wannan lokaci "ƙarƙashin mulkin Kano" za a ce, ga Gumel kuwa "tana bin Barno". Wanda ya gwama su ya rage wa Gumel matsayi. A yau kuma, da Dutse ta zama babban birnin jiha, 'yan kasuwarta suna ci gaba da saro kaya a Kantin Kwari da Singa. Marubucin Turanci zai iya amfani da kalmar a nan ma, mu kuwa sai mu ce kasuwancin Dutse ya dogara da Kano, ba mu ce tana ƙarƙashinta ba.

3.7 Sauran Amfani

Akwai ƙananan ma'anoni biyu da suka cancanci ambato. A harshen matuƙa jirgin sama, in aka umurci jirgi ya yi "orbit", ana nufin ya yi kewaye ɗaya ko fiye a sama yana jiran izinin sauka. Hausa tana da "shawagi", irin na shirwa, kuma ya dace sarai. Na biyu, kalmar "exorbitant", wadda ake faɗa wa farashin da ya yi tsada ainun, daga wannan tushe take, asalin ma'anarta shi ne abin da ya fita daga sawun keke. Bahaushe manomi ne, sai ya ɗauko nasa hoton daga gona ya ce abin ya wuce gona da iri. Kowane harshe daga muhallinsa yake ɗebo kwatanci.

4.0 Shawarwari

Bisa ga abin da ya gabata muna ba da shawarwari kamar haka. Na ɗaya, a keɓe "falaki" ga tafarkin jikkunan sama da na taurarin ɗan'adam, a riƙa kuma bayyana cewa hanya ce. Na biyu, a keɓe "kewaya" ga tafiya a cikin falaki, "juya" kuwa ga motsin abu a kan kansa, malamai su lizimci wannan tun daga firamare. Na uku, a makarantun kiwon lafiya a tsaya a kan "gurbin ido". Na huɗu, a tarihi da siyasa a guji fassarar kalma da kalma, a dubi irin dangantakar da ake magana a kai. Na biyar, sassan Hausa da na kimiyya a kwalejojin ilmi su riƙa zama tare a kan irin waɗannan kalmomi, domin malamin Hausa shi kaɗai zai iya zaɓen kalma mai daɗi wadda ta saɓa wa kimiyya, malamin kimiyya shi kaɗai kuma zai iya kawo kalmar da ba mai fahimta. An riga an yi irin wannan aiki ga nazarin harshe da adabi a ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya shirya aka buga a 1990, kimiyyar ƙananan makarantu ma ta cancanci irin wannan kulawa.

5.0 Kammalawa

A wannan takarda mun bi kalmar "orbit" daga sawun keke zuwa gurbin ido, falakin taurari, ƙwayar zarra da dangantakar masarautu. Mun ga cewa inda Turanci ya ɗora wa kalma ɗaya kaya da yawa, Hausa ta raba kayan ga falaki, kewaya, gurbi, mazauni, bi da shawagi, kuma wannan rabo yana sauƙaƙa wa mai koyo. Ba mu ce shawarwarinmu su ne ƙarshen magana ba, musamman game da "mazaunin ilektaron", wanda muke fata malaman kimiyya da ke wannan taro za su gwada shi a cikin aji su faɗa mana yadda yara suka karɓe shi. Abin da muke roƙo shi ne a koya wa ɗalibi mai shirin zama malami ya riƙa tambayar kansa, kafin ya fassara kowace keɓaɓɓiyar kalma, wane fanni yake ciki, kuma me kalmar take nufi a wannan fanni.